Amsa ga direban da ya tambaye ni batun gadar Namnai

Assalamu alaikum, ɗan'uwa.

Ban san sunanka ba, muryarka kawai na ji ranar da ka kira shirinmu na safe, layin kuma ya yanke kafin in ba ka amsa. Cewa ka yi: me ya sa duk gadar da ta karye, mu 'yan jarida sai mu ce ambaliya ce, daga nan mu ja bakinmu mu tsuke? Ka kawo misalin gadar Namnai da ke kan hanyar Jalingo zuwa Wukari, a ƙaramar hukumar Gassol, wadda ruwa ya ci a daminar 2024. Har ka ce ko toshiyar baki aka ba mu.

Kana da gaskiya a rabin maganarka, kuma rabin nan ya hana ni barci.

Ni dai ba wanda ya ba ni ko sisi. Abin da ke faruwa ya fi haka sauƙi, ya kuma fi ban takaici. Gada ta rufta da dare, da safe wakili ya hau babur ya je, ya ɗauki muryar fasinjoji da ta mai gari, ya jira sanarwar hukuma. Sanarwa ta ce ruwan sama kamar da bakin ƙwarya. Mu karanta a labaran rana. Bayan sati guda wani labarin ya danne wannan, kuɗin man komawa babu, a ɗakin labaran kuma da wuya ka samu wanda ya san me ake kallo a jikin ginshiƙi.

Ambaliya ba ƙarya ba ce, amma ba a nan magana ta ƙare ba, don gada saboda ruwa aka gina ta. Yadda ruwa ke kayar da ita sananne ne ga injiniyoyi: idan ya taho da ƙarfi ya bugi ginshiƙi, sai ya riƙa juyawa a gindinsa yana kwashe yashi, damina bayan damina, har tushen ya zama ba abin da ya tokare shi. A sama kwalta lafiya lau, kai direba ba za ka ga komai ba. Shi ya sa ake jibge manyan duwatsu a kewayen ginshiƙi, ake kuma zuwa dubawa bayan kowane babban ruwa.

A Afrilun 1987 wata gada a kan rafin Schoharie, jihar New York ta Amurka, ta rufta cikin ambaliya, mutum 10 suka rasu. Gadar nan ta tsira daga ruwan da ya fi wannan yawa a 1955. Da aka bincika, sai aka gano duwatsun da ke kare gindinta ne ba a kula da su ba, ruwa ya yi ta rarake ƙasa. Da an tsaya a kan "ambaliya ce", da ba wanda zai san haka.

Inda nake roƙonka ka yi mana uzuri shi ne ranar farko. Ba daidai ba ne in hau iska in ce ɗan kwangila ya ci kuɗin rodi alhali ban da hujja. A Agustan 2007 gadar babbar hanya ta faɗa kogin Mississippi a birnin Minneapolis na Amurka, mutum 13 suka mutu. A kwanakin farko an yi ta hasashe, daga tsatsa har kashin tattabaru. Sai a Nuwamban 2008 masu bincike suka tabbatar cewa farantan ƙarfen da ke haɗa sassan gadar sun yi siriri tun daga zane, ga kuma nauyin yashi da kayan gyara da aka jibge a kai ranar. Wata 15 ke nan. Haƙuri ya halatta. Abin da bai halatta ba shi ne mu yi haƙurin nan a gida, ba tare da mun koma mun tambaya ba.

Tambayoyin kuwa a fili suke. Hanyar Jalingo zuwa Wukari ta gwamnatin tarayya ce, don haka akwai ofishin da ya kamata a ce yana da takardar dubawar ƙarshe: yaushe aka yi ta, me aka rubuta? Ana haƙar yashi kusa da gadar? Tirela nawa ke bi da lodin da ya wuce ƙima? Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan Najeriya damar nema a rubuce, ta kuma ba hukuma kwana 7 ta amsa. Ban yi amfani da ita a kan Namnai ba, kuma ya kamata a ce na yi tun mutane na fara fito a kwalekwale da kayansu da 'ya'yansu.

Zan rubuta takardar a wannan makon, in karanta amsar a shirin, in ba a amsa ba in faɗi hakan. Amma ina bukatar taimakonka. Ku da kuke bin hanyar kullum kun riga mu gani. Idan ka taɓa jin mota ta yi tsalle a bakin gadar, ko ka ga tsaga, ko ka ga gefe ya zaizaye kafin ta karye, ka sake kira. Ka faɗa wa abokan aikinka a tasha su ma su kira, da sunan duk gadar da gabansu ke faɗuwa idan za su hau ta.

Wassalam.