Cuta ce, ba haɗama ba

Malam Edita,

Ina roƙon fili in yi magana kan wata cuta da muke ɗauka haɗama ce. Mai ita yakan cinye abinci mai yawa da sauri, galibi a ɓoye, ba don yunwa ba, kuma ya kasa dakatawa. Daga baya kunya da nadama su lulluɓe shi. A Turance ana kiranta "binge eating disorder", wato cutar cin abinci fiye da kima. A 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta ware ta a matsayin cuta mai zaman kanta, idan abin yana faruwa aƙalla sau ɗaya a mako tsawon wata 3.

Gori yana ƙara masa ciwo, horon yunwa kuma yakan tsananta ta. Abin da ke taimakawa shi ne zama da ƙwararre kan gyaran tunani da ɗabi'a, tare da cin abinci kan lokaci. Wani lokaci likita kan haɗa da magani.

Naka,
Mai karatu