A daina auna gwanayen ƙwallon kwando da maki kaɗai

Malam Edita, assalamu alaikum.

Duk lokacin da aka tashi lissafa gwanayen ƙwallon kwando na tarihi, maki ake fara dubawa, sai a mayar da masu tsaro da masu cafke ƙwallon da ta kuskure kwando 'yan rakiya. Ina ganin ba a yi musu adalci ba, kuma ga dalilina.

Wasan nan na juye-juye ne: ƙwallo ta zo hannunku, ta koma hannun abokan karawa. A gasar NBA ta Amurka a yau, kowace ƙungiya tana samun damar kai hari kusan sau 100 a wasa, kowace dama kuma tana haifar da maki ɗaya da 'yan kai. Wanda ya cafko ƙwallon da ɗan ƙungiyarsa ya jefa ta ƙi shiga, ya sayo musu sabuwar dama ke nan. Makin da za a ci daga nan sunan wani za a rubuta, amma shi ya kawo shi.

A dubi Dennis Rodman. Tsawonsa mita 2.01 ne, gajere idan aka jera shi da ƙattan da yake kokawa da su a ƙarƙashin kwando, kuma maki 7.3 kacal yake ci a wasa idan aka haɗa duk shekarunsa. Amma kaka bakwai a jere babu wanda ya kai shi cafke ƙwallo, har 18.7 a kowane wasa a kakar 1991-92. A wasa na biyu na ƙarshen gasar 1996, ƙungiyarsa Chicago ta doke Seattle da 92 da 88. Tazarar maki huɗu ce, alhali Rodman ya cafko ƙwallo 11 a bakin kwandon Seattle. Cire shi daga wasan nan ka sake lissafi.

Aikin kuma ba tsalle ba ne kawai. Da zarar ƙwallo ta bar hannun mai jifa, abokin karawa ake nema kafin ƙwallo: ka juya, ka rage tsawo, ka tokare shi da baya da ƙugu, hannuwa a sama. Jifan nesa yana dawowa da nisa, wanda aka yi daga gefe kuma yawanci ɗaya gefen yake faɗawa. Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya kutsa can ƙarƙashin raga, ƙwallon ta tsallake kansa. Haka make ƙwallo a sama: in ka taɓa ta tana gangarowa zuwa kwando, alƙali zai ba abokan karawa makin, in ka yi mata dukan kawo wuƙa ta fita fili, ka mayar musu da ita. Bill Russell kan ɗan karkatar da ita zuwa hannun ɗan ƙungiyarsa ne, a ruga hari nan take. Kofi 11 ya ɗauka da Boston cikin kaka 13, kuma a zamaninsa ko ƙirga irin wannan tarewar ba a yi, sai a kakar 1973-74 aka fara, bayan ya yi ritaya.

Masu ja da ni suna da hujja guda mai ƙarfi, ba zan ɓoye ba. A zagayen neman kofi ana wasa har bakwai da ƙungiya ɗaya, duk rauninka sai an tono shi. Ben Wallace kashi 41 cikin 100 kawai yake ci a jifan kyauta, wato jifan da ake ba wanda aka yi wa keta, don haka akan yi masa keta da gangan. Rudy Gobert mai tsaron Utah kuwa, a 2021 Clippers suka zuba masu jifan nesa biyar, suka janyo shi daga ƙarƙashin kwando, Utah ta fita. To, ma'aunin da ya dace shi ne: koci yana iya barinsa a fili a mintunan ƙarshe? Wallace dai an bar shi, kuma shi ne ƙashin bayan Detroit da ta lallasa Lakers ta Shaquille O'Neal da Kobe Bryant 4 da 1 a 2004.

Abin da ya fi damuna shi ne jerin gwanaye 75 da NBA ta fitar a 2021. Rodman ya shiga, amma babu Wallace, babu marigayi Dikembe Mutombo ɗan Kwango, su biyun nan kowannensu sau huɗu yana lashe kyautar gwarzon mai tsaro. Mutombo ya tare ƙwallo 3,289. Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, shi kaɗai ne a gabansa da 3,830. A 1994 ƙungiyar Mutombo, Denver, da ta zo ta takwas ta fitar da Seattle ta ɗaya, Mutombo ya tare 31 cikin wasa biyar. Ina roƙon shafinku na wasanni, in za ku kawo sakamako, ku riƙa sanya waɗannan alƙaluma kusa da na maki.

Wassalam,
Mai bibiyar shafinku daga Zariya