Sunan i5 kaɗai bai isa ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in ja kunnen masu sayen kayan kwamfuta na hannu.

Shagon buga takardu nake da shi. Da kwamfutar tebur ɗina ta fara nauyi, sai na shiga kasuwa neman furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, mai ƙarfi. Mai kaya ya tambaye ni soket ɗin madabod ɗina, wato gurbin da furosesa ke zama a kan babban faifan kwamfuta, na ce LGA 1151. Ya miƙo mini furosesar kamfanin Intel, i5-8400, ya ce, "Alhaji, wannan kamar don kai aka yi ta." Na dawo na ɗaga maƙallin, ta zauna daram, na shafa mata man rage zafi, na ɗaura fanka, na kunna. Allo baƙi ƙirin!

Ashe kama da wane ba ta wane. Soket 1151 iri biyu ne: na 2015 na zubi na 6 da na 7 ne, shi kuwa wanda Intel ya fitar a 2017 don zubi na 8 da na 9, yawan alluransa ɗaya da na farko, amma sai da madabod 'yar jerin 300. Tawa H110 ce, 'yar jerin 100, i5-8400 kuwa 'yar zubi na 8 ce. Lambar soket dai adadin allurai take nufi, kuma Intel bai cika daɗewa a kan guda ba: 1155 a 2011, 1150 a 2013, a 2024 har an kai 1851.

A nan kamfanin AMD, abokin hamayyar Intel, ya fi tausayin aljihun talaka, a ganina. Soket ɗinsa AM4 da ya fito a 2016 ya ɗauki zubin furosesarsa Ryzen da dama, in dai an sabunta BIOS, wato manhajar da ke cikin madabod. Alluransa a jikin furosesa suke, in ɗaya ta lanƙwashe mai haƙuri zai miƙe ta da reza. Na Intel kuwa a cikin soket suke, sirara kamar gashi, yatsa ya goge su madabod ta tafi. To, AM5 na 2022 ma ya koma wannan tsarin, kuma ma'adanar RAM samfurin DDR5 kaɗai yake karɓa.

Roƙona ga 'yan kasuwa, su riƙa tambayar lambar madabod, su gwada a gaban mai saye. Mai kayan nawa ya ce kayan da ya fita ba ya dawowa, ga furosesar can a durowa cikin ledarta.

Naka,
Wani mai shagon buga takardu, Zariya