A Fara Darasin Zafi Da Filas Da Ƙanƙara

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna roƙon fili mu yi magana da ƴan'uwanmu malaman fizik na lise, wato babbar sakandare, a nan Maradi. Yaranmu suna haddace Q = m·c·ΔT, ƙa'idar lissafin yawan zafin da abu ke sha in digirinsa ya canza, amma ka tambaye su bambancin matakin zafi da yawan zafi, sai su yi tsit. Harshenmu ma ya taimaka wa ruɗanin, don duka biyun "zafi" muke cewa. Kofin shayi mai digiri 80 ya fi babbar tukunya mai digiri 40 ƙona baki, amma tukunyar ta fi cin itace. Daga nan ya kamata darasi ya tashi, lissafi ya biyo baya.

Filas ɗin shayi ya isa a yi gwaji. A zuba ruwa mililita 200 mai digiri 35, a jefa ƙanƙara giram 50, a rufe, a girgiza har ta narke. Kilo ɗaya na ruwa yana buƙatar jul 4180 (jul shi ne awon yawan zafi) ya hau digiri ɗaya, kilo ɗaya na ƙanƙara kuwa jul 334,000 take sha kafin ta narke, tana nan a sifiri. Lissafi zai ba da digiri 12. Yara su fara faɗin hasashensu kafin a buɗe filas.

Sau da yawa 13 ko 14 ake gani, kuma nan ne daɗin darasin, kada malam ya ɓoye. Bangon filas ya ba da nasa zafin. In ba a tsane ƙanƙarar da ƙyalle ba, wani ɓangare na abin da aka auna ruwa ne. Wadda ta fito daga firiza yanzun nan kuma tana ƙasa da sifiri, sai ta ja sakamako ƙasa. A bar ta ta fara zufa tukun. Babu sikeli? A auna ruwan bayan narkewa, ƙarin mililita shi ne giram ɗin ƙanƙarar. Ma'aunin zafi na asibiti ba zai yi ba, iyakarsa wajen digiri 42, kuma bai sauka zuwa 12.

Sannan a kawo randa cikin aji. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikinta yana tashi tururi da zafin na ciki, shi ya sa ta fi sanyi da rani a kan damina.

Roƙonmu ga shugabannin makarantu: ma'aunin zafi huɗu masu awo daga -10 zuwa 110 ga kowane aji.

Wasu malaman fizik,
Maradi.