A daina ce wa uwar yarinyar nan ta yi shiru

Assalamu alaikum Malam Edita. Wallahi tun daren Laraba raina a ɓace yake da abin da baƙonku ya faɗa a rediyo, wai dangin yarinyar su bar wa Allah su janye ƙara don kar a tona asirin zango. Haba! Wane asiri? Yarinya 'yar shekara 3 an kai ta gidan riƙo lafiyarta ƙalau an dawo da gawa, kuma matar da ta haife ta tana kuka a layi shi yana karanto mata ayar haƙuri.

Ni na san wannan haƙurin don an sa mu mun yi shi. Ɗan ƙanwata shekararsa 4 ya rasu, aka ce wai faɗuwa yayi daga benci, amma Inna da ta yi masa wanka da hannunta ta ga shatin bulala a bayansa, ga kumburi a ƙeya, ta fito tana rawar jiki ta gaya wa kawu, kawu yace mata Hajiya rufa mana asiri, gawar musulmi ba ta kwana, kuma ba za a kai jikansa mocari a yanka shi ba. Kafin la'asar an kai shi maƙabartar Tafo an rufe. Bayan sadakar bakwai ƙanwata ta kasa barci muka je wajen 'yan sanda, suka tura mu ofishin DOVVSU, sashensu mai kula da cin zarafi a cikin gida, tambayar farko ina takardar dokita da ya duba gawa? Babu. Aka ce sai kotu ta ba da izini a tone kabari, nan dangi suka taso mana kamar mu muka kashe shi. Har yau matar da ake zargi da dukan yaron muna haɗuwa da ita wajen suna da biki tana gaishe mu.

Dokar binciken gawa tana nan a Gana tun 1960, mutuwar da ake shakka dole a kai rahoto kafin a binne, me ya hana mai gabatarwa ya faɗa wa mutane wannan? Ku kawo lauya da dokita mako mai zuwa, ku sake kiran uwar nan ta gama maganarta tunda kun katse ta.

Sannan don Allah wannan tallan maganin basir da kuke sakawa duk minti biyar, rabin shirin ya cinye, na riƙe waya a layi har kiredit ɗina ya ƙare ba a ɗauka ba.

Mai sauraronku daga Aboabo, Kumasi