Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamna Nasir Idris: 'Ya'yan Wa Ke Shiga Kwalejojin Fasaha Na Kebbi?

Mai girma Gwamna, Kauran Gwandu, assalamu alaikum.

Ni tsohon malamin wayarin ne a ɗaya daga cikin kwalejojin fasaha na jihar nan. Na san ba baƙo nake yi wa magana ba, domin kai ma ka riƙe alli, har ka shugabanci ƙungiyar malamai ta ƙasa, NUT, kafin ka karɓi mulki a 2023.

Kukana a kan rajistar ɗalibai ne. Duk shekarar da na buɗe ta, sunayen 'yan mata ba sa cika yatsun hannu ɗaya. Mazan kuma yawancinsu waɗanda suka rasa gurbi a ɓangaren kimiyya ne, suna zuwa kai a sunkuye kamar an yi musu horo.

Ranka ya daɗe, dubi fadamunmu. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi a 2015, injin ban ruwa ya cika Argungu da Suru da Jega. Masana'antun sarrafa shinkafa irin WACOT da Labana ba sa tafiya sai da mai walda da mai lantarki. Yaron da ya tashi yana kwance kafireto a gonar ubansa shi ya fi dacewa da bencinmu, amma uban bai taɓa jin NABTEB ba, wato jarrabawar da ɗalibanmu ke zanawa don kammala kwalejin fasaha, balle ya san takardarta na iya kai ɗansa babbar kwalejin kimiyya da fasaha ta Waziri Umaru ko ta Dakingari.

Batun mata ya fi ci mini rai. Gida nawa ne a garuruwanmu aka rubuta "ba shiga" a ƙofar zaure? Firji ya lalace, sola ta mutu, sai an jira maigida ya dawo ya tsaya a kan mai gyara. Da akwai mace mai gyara, sallama kawai za ta yi ta shige. Kasuwa ce a buɗe, ba mai ci. Ban kuma zargi iyaye ba. Wanda ya ga yadda 'yan bindiga suka sace ɗaliban Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri a watan Yunin 2021 dole ya yi nazari kafin ya kai 'yarsa makarantar kwana.

Roƙona, ka sa Ma'aikatar Ilimi ta riƙa wallafa adadin ɗaliban kowace kwaleji duk shekara: maza nawa, mata nawa, wace sana'a, kuma daga ina cikin ƙananan hukumomi 21. A buɗe wa 'yan mata sashen jeka-ka-dawo a cikin gari. Sannan kafin yaran aji uku na ƙaramar sakandare su zaɓi inda za su, a tura mu ƙauyuka mu zauna da hakimai da iyaye. Mu da muka yi ritaya a shirye muke, ko kuɗin mota kawai aka ba mu.

Allah ya yi maka jagora.

Naka,
Tsohon malamin wayarin, Birnin Kebbi