Sanarwa Ga Iyaye Mata Kan Shirin Bazara

Assalamu alaikum ƴan uwa. Da fatan kowa ta tashi lafiya. Ya yara, ya kuma fama da zafi?

Bazara ta kama, hutu ya ƙarato, yara za su koma wuni a gida. Saboda haka za mu tattauna ranar Asabar mai zuwa da ƙarfe 5 na yamma, ta kiran murya a nan cikin rukuni, mu tsara karɓa-karɓar kula da yaran masu fita aiki. Kowacce ta turo ranakun da take da sarari da shekarun ƴaƴanta kafin daren Alhamis. Wadda ba za ta samu dama ba, ta faɗa da wuri.

Kafin nan, don Allah kada a bar yaro shi kaɗai a mota, ko na minti 5 ne, ko an sauke gilashi. Cikin mota na saurin ɗaukar zafi, jikin yaro kuma ba ya jurewa kamar na babba. Wasan waje a bari sai da safe ko da la'asar, domin rana ta fi ƙuna daga ƙarfe 10 zuwa 4. A riƙa miƙa musu ruwa tun ba su nema ba, wasa kan mantar da su ƙishirwa. Jaririn da bai kai wata 6 ba kuwa, nono ya ishe shi, a dai ƙara yawan shayarwa.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne bokiti da baho. An gama wanka, a zubar da ruwan nan take, ɗan kaɗan ma na iya halaka mai rarrafe.

Allah ya raya mana su, ya ba mu ikon kula da su. Sai mun ji juna ranar Asabar.

Taku,
Mai kula da rukuni